Turancin Yau da Kullum: Tambayoyin da Masu Koyo Suka Fi Yi a Sakkwato

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin manya masu koyon Turanci a azuzuwan yamma a nan Sakkwato: 'yan kasuwa, matan aure, masu kabu-kabu, waɗanda suka sauke Alƙur'ani suna son su ƙara da boko, da 'yan sakandare da jarrabawa ta tsaya musu a wuya.

Kalma nawa zan haddace kafin bakina ya buɗe?

Ba su kai yadda kake tsammani ba. A 1959 gidan rediyon Muryar Amurka ya buɗe shiri na masu koyo, ana karanta labarai a hankali da kalmomin da ba su wuce kamar 1,500 ba, kuma da su ake ba da labarin siyasa da noma da kiwon lafiya. Masu ƙamus na Oxford su ma sun ware kalmomi 3,000 da suka ce su ne ginshiƙi.

Amma ba a yawan ake samun tangarɗa ba. Wanda ya cika littafi da kalmomi ɗaiɗai, hagu Turanci dama Hausa, zai kawo maka ma'anar kowace in ka tambaye shi, ka tsayar da shi gaban baƙo kuwa sai ya yi tsit. Mutum jimla yake furtawa in zai yi magana, don haka jimla za ka haddace. Maimakon ka riƙe "water" ita kaɗai, riƙe "Can I have some water, please?" Gobe ka cire ruwan ka sa "tea", jibi ka sa "sugar". Jimla guda ta haifar maka goma. Mu da muka tashi da allo da tilawa, hadda ba baƙuwarmu ba ce. Jimla uku a rana, a maimaita su da ƙarfi bayan asuba da kuma kafin a kwanta, sun fi kalma talatin da za a karanta da ido a rufe littafi.

Ban san ko kalma ɗaya ba, daga ina zan fara?

Ka sani, ba ka dai lura ba ne. Tun da Turawa suka shigo Sakkwato a 1903 Hausa ke ɗibar kalmominsu tana yi musu kwaskwarima. Mota, direba, fasinja, tasha, birki, taya, tikiti, tebur, bokiti, siminti, famfo, likita, asibiti, banki, soja, duk daga can suka fito. Aikinka shi ne ka mayar da kowace siffarta ta asali: tasha "station", birki "brake", famfo "pump", asibiti "hospital". Sai dai ka saurari yadda masu harshen ke furta su, don in ka ce wa Bature "bokiti" ba zai gane "bucket" kake nufi ba.

Bayan wannan, ka dubi inda kake wuni. Mai shago a Babbar Kasuwa ya fara da ciniki da lissafi. Uwa mai 'ya'ya a makarantar boko ta fara da abin da ake rubutowa a takardar sakamako da saƙon malamai. Ba a fara koyon sunayen kayan dusar ƙanƙara a garin da zafinsa ke haura maki 40 a watan Afrilu.

Yaya ake gaisuwa? Na ji kamar tasu ba ta da tsawo.

Ba ta da shi, kuma wannan na cikin abin da ya fi damun Bahaushe. Mu sai mun tambayi kwana da gajiya da iyali da aiki da sanyi ko zafi, sannan a shiga magana. Su kuwa "Good morning" daga safe zuwa sha biyun rana, "Good afternoon" daga nan zuwa wajen ƙarfe biyar ko shida, "Good evening" bayan haka. In aka ce maka "How are you?" ka ce "Fine, thank you. And you?" shi ke nan, an gama. Ba rashin mutunci ba ne, haka al'adar take.

"Good night" ba gaisuwar isowa ba ce, sai da safe ce. Kada ka shiga gidan mutane bayan isha'i ka buɗe baki da ita, ka yi musu sallamar tafiya ke nan tun ba ka zauna ba.

Akwai gaisuwar da 'yan Nijeriya suka ƙera don ta ɗauki abin da ke bakinsu. "How was your night?" ina kwana ce aka sa wa rigar Turanci. "Well done" da ake ce wa mai aiki, sannu da aiki ce. Idan mutum ya yi tuntuɓe muka ce "sorry", sannu muke nufi. Duk ƙasar nan za a gane ka, kuma ni ban ga laifinsu ba. Amma ka san cewa a Ingila "well done" yabo ne ga wanda ya gama abu ya yi kyau, kuma wanda ya yi tuntuɓe "Are you all right?" ake ce masa. Tambayar yadda mutum ya kwana kuwa, wasunsu kan ɗauke ta shiga sharo ba shanu.

Sai batun girmamawa. Turanci ba shi da kai da ke da ku, "you" ce ga yaro da dattijo, mace da namiji, ɗaya da taro. Ladabin yana cikin yadda aka gina roƙon. A Hausa ka ce "ba ni biro" ba wanda zai ji komai, amma "Give me a pen" a kunnen mai Turanci umarni ne. Ka ce "Could you give me a pen, please?" Ga babba ka ƙara "sir", ga mace "madam", ko "ma" yadda aka saba a nan. Kada ka wahalar da kanka neman fassarar ranka ya daɗe, "sir" ɗin ta wadatar.

Ni ɗan kasuwa ne, me zan riƙe don ciniki?

Mai saye zai ce "How much is this?" in abu ɗaya ne, "How much are these?" in suna da yawa. In ya ji tsada ya ce "It's too expensive" ko "Can you reduce the price?" A Nijeriya an fi jin "What's your last price?" wato nawa gaskiya. Kai kuma albarkarka ita ce "Sorry, I can't sell it at that price." In ka sallama ka ce "All right, you can have it." In ba ka da abin, "It's finished" ko "I don't have it today." Canji "change" ne, rasit "receipt", kuma ba a furta harafin p da ke cikinta.

Kayan da Sakkwato ta yi suna a kansu su ma ka san sunansu: albasa "onions", tafarnuwa "garlic", gero "millet", dawa "guinea corn" ko "sorghum", wake "beans", rago "ram", akuya "goat", jemammiyar fata "leather". Yawancin abin da ake aunawa ba a yi masa jam'i. Ba a cewa "three rices", sai "three bags of rice". Daga nan ne bambancin "how much" da "how many" ya taso: abin da ake ƙirgawa, kamar buhu da rago, "how many", abin da ake aunawa, kamar shinkafa da mai da kuɗi, "how much".

Wani abu kuma: mu kowa kwastoma ne, mai saye da mai sayarwa. A Turanci mai saye kaɗai ne "customer".

Lambobi suna rikita ni, musamman a waya.

Ba kai kaɗai ba. Haɗarin yana tsakanin 13 da 30, 14 da 40, har zuwa 19 da 90. "Thirteen" ana jan ƙarshenta a danna shi, "thirty" kuwa farkonta ake dannawa a datse ƙarshen. A waya, da hayaniyar tashar mota a bayanka, kunne ba ya rabe su. Dillalin albasa da ke magana da mai saye daga Legas, in ya ji "fifteen" a matsayin "fifty" a farashin buhu, ai an shiga uku. Maganin shi ne ka tambaya: "One five or five zero?" Ko masu harshen haka suke yi. Mafi aminci ma ka ce "Please send it as a text message", a rubuto maka.

Lokaci kuwa da sauƙi, don tsarin ya yi kama da namu. Huɗu da rabi "half past four", huɗu da kwata "quarter past four", biyar saura kwata "quarter to five". Haruffan a.m. na nufin daga sha biyun dare zuwa sha biyun rana, p.m. kuma daga nan zuwa dare. Mai tikitin jirgi daga filin jirgin Sultan Abubakar III ya duba waɗannan haruffa biyu da kyau.

Me ya sa ake dariya in na ce "I drink medicine" ko "I hear smell"?

Don a Hausa ka shirya maganar, sannan ka bi ta kalma bayan kalma kana musanyawa. Muna da aikatau guda uku masu ɗaukar kaya da yawa: sha, ji da ci. Turanci kuwa ya rarraba kayan nan ga kalmomi daban-daban.

Ɗauki sha. Ruwa da shayi da fura "drink" ne. Magani "take": "I take my medicine in the morning." Taba "smoke". Mangwaro da kankana da lemon ɓawo, da muke sha, su ci suke yi, "eat". Shan wahala "suffer". Ji kuma ya fi yaɗuwa: jin sauti "hear", jin wari ko ƙamshi "smell", jin zafi ko sanyi "feel", jin harshe "understand" ko "speak". Jin yunwa ma ba a sa ko ɗaya, sai "I am hungry". Don haka ina jin Hausa shi ne "I speak Hausa". Ci: abinci "eat", jarrabawa "pass", wasa ko zaɓe "win", bashi "borrow money".

Wannan ne babban dalilin da ya sa na ce a riƙe jimla. Wanda ya haddace "take medicine" a haɗe ba zai taɓa tsayawa yana tunanin wace kalma ce sha ba.

Wani wurin kuwa Hausa ta taimake mu. Da yake mun saba raba shi da ita, "he" da "she" ba su cika ba mu wahala ba kamar yadda suke ba masu harsunan da ba su da wannan rabo. Abin kiyayewa kawai, mota da riga da kujera da muke ce musu ita, a Turanci "it" ne.

"Borrow" da "lend" fa?

Mai karɓar aro "borrow" yake yi, mai bayarwa "lend". Ara mini biro: "Lend me your pen, please" ko "Can I borrow your pen?" Wanda ya ce "Borrow me" ya haɗa biyun. Haka "I am coming" da muke faɗa muna fita, ina zuwa ce tamu. Mai Turanci zai ga kana tafiya kana cewa kana tahowa. Ka ce "I'll be right back."

Wane furuci ne ya fi ba Basakkwace wahala?

P da f ne a gaba. Hausa ba ta raba su ba, mu nan ma f ɗin kan koma h ko hw, mu ce tahi, mu ce hwara. Turanci kuwa "pan" daban, "fan" daban; "pull" ja ne, "full" cike. Ga yadda za ka gwada: riƙe 'yar takarda gaban bakinka. Haɗe leɓɓanka biyu gam, ka sake su da ƙarfi ka ce "pan", takardar za ta yi tsalle. Sannan ɗora haƙoranka na sama kan leɓen ƙasa ka hura iska a hankali ka ce "fan". A p leɓe da leɓe ne ke haɗuwa, a f haƙori da leɓe. In ka samu wannan, v ta zo da sauƙi, don wurinsu ɗaya da f, murya kawai ake ƙarawa. Da haka za ka raba "vote" da "boat", "very" da "berry".

Sai th, wadda mukan mayar s ko z, "think" ta koma "sink", tunani ya zama nutsewa. A nan wanda ya yi tajwidi ya ci riba: th ta "think" ita ce tha'un ta Larabci, th ta "this" kuma zalun ce, bakin harshe tsakanin haƙora. Abin da malamin zaure ya sha gyara maka ne.

Na ƙarshe shi ne cusa wasali tsakanin baƙaƙe, "school" ta zama sukul, "bread" ta zama burodi. Wannan sai da yawan saurare yake gyaruwa. Amma kada ka sa wa ranka sai ka yi magana kamar mai karanta labarai a Landan. Bayarabe da Inyamuri da Ba'indiye kowa da karin harshensa yake Turanci, duniya kuma na gane su. Gyara sautin da ke canja ma'ana, sauran ka bar shi.

In an ba ni fom in cike, me kalmomin ke nufi?

"Surname" shi ne sunan da iyali ke tarayya a kai, mu galibi sunan uba ko kaka ko gari muke sawa. "First name" sunanka na yanka, "middle name" na tsakiya in akwai. Nan ne mutanenmu suka fi shan wahala: yau a rubuta Bello Umar Gwadabawa, gobe Umar Bello, jibi a bar Gwadabawan. Ranar da aka haɗa takardar makaranta da NIN da BVN aka ga sun saɓa, sai zirga-zirgar gyara da rantsuwa a kotu. Zaɓi tsari ɗaya da rubutu ɗaya, ko Muhammad ko Mohammed, ka tsaya a kai har abada.

"Date of birth" ranar haihuwa, a Nijeriya rana ake fara sawa, sai wata, sai shekara. Amurkawa kuwa wata suke farawa da shi. "Sex" ko "gender" jinsi ake tambaya, M namiji, F mace. "Marital status": "single", "married", "divorced", "widowed". "Occupation" sana'a. "State of origin" jihar asali, LGA ƙaramar hukuma. "Next of kin" makusancin da za a nema in wani abu ya same ka. "Block letters" na nufin ka rubuta da manyan baƙaƙe. In ka ga "For official use only", ba naka ba ne, bar shi fili.

Na asibiti da na banki fa?

A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da sauran asibitocin gari za ka samu mai jin Hausa, kuma ciwo ba wurin gwada ƙwarewa ba ne, faɗi abin da ke damunka da harshen da ka fi iyawa. Abin da ya zama dole shi ne karanta kwalin magani bayan ka koma gida. "Once daily" sau ɗaya a rana, "twice daily" sau biyu, "three times daily" sau uku. "Before meals" kafin cin abinci, "after meals" bayansa. "Shake well" a girgiza sosai. "For external use only" na shafawa ne, ba a sha. "Exp" ranar da maganin zai lalace. In kuwa likitan baƙo ne: "I have a fever", "I have a headache", "It hurts here" kana nuna wurin.

A banki da wurin mai POS: "deposit" ajiya, "withdraw" cirewa, "balance" abin da ya rage. A saƙon waya "credit" kuɗi sun shigo, "debit" sun fita. "Insufficient funds" kuɗin ba su isa ba, "declined" an ƙi, "pending" yana hanya. Ka kuma riƙe wannan jimla da ke zuwa tare da lambar OTP: "Do not share this code with anyone", kada ka ba kowa. 'Yan damfara da zazzaƙan Turanci suke kira don su ruɗa mutum, Hajiya ta ji nauyin cewa ba ta gane ba, ta karanto musu lambar. Kashe wayar kawai, ba sai ka amsa da kowane harshe ba.

Broka da nake ji a kasuwa, Turanci ne?

Harshe ne mai zaman kansa da ƙa'idojinsa, har BBC ta buɗe masa sashe a 2017. Yana da amfani ƙwarai wajen ciniki da mutanen kudu. Sai dai "I dey come" da "Wetin you want?" ba sa shiga wasiƙar neman aiki ko takardar jarrabawa. Koyi duka biyu in kana so, ka dai san wanda kake yi a kowane lokaci.

Na Ingila zan bi ko na Amurka?

Makarantunmu na Ingila suke bi: "colour", "petrol", "trousers". Wayarka da finafinai kuwa sun fi kawo na Amurka: "color", "gas", "pants". Duka daidai ne, kada dai ka gauraya su a rubutu ɗaya. Namu na gida ma ya fara samun kujera, don a 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Nijeriya, ciki har da "okada" da "Kannywood".

In aka yi mini magana ban gane ba, me zan ce?

Da ni ne mai tsara littafin koyo, da wannan na sa a shafin farko. "Sorry, I don't understand." "Could you say that again, please?" "Please speak slowly." "What does this word mean?" "How do you spell it?" "How do you say this in English?" Ta biyun ita ce mi kac ce, amma cikin ladabi. Mai waɗannan shida ba ya maƙalewa, don duk wanda ya haɗu da shi ya zama malaminsa. Abin da ke cutar mutane shi ne gyaɗa kai da "yes, yes" alhali ba a fahimta ba, har a amince da abin da ba a sani ba.

Na haura shekara arba'in, kuma ina jin kunyar yara su yi mini dariya.

Za su yi, kwana biyu su gaji. Babba ya fi yaro sanin abin da yake nema, kuma ya fi shi naci. In kunyar ta yi yawa, ɗauki muryarka a waya kai kaɗai a ɗaki, ka saurara, ka sake.

Da wa zan riƙa gwadawa a garin da kowa Hausa yake ji?

Gaskiya ne, a Sakkwato har baƙon da ya zo da Turanci Hausa yake komawa, wanda ya ƙetara Illela zuwa Ƙonni kuwa Faransanci zai tarar. Amma akwai masu bautar ƙasa, shirin da aka kafa tun 1973. Suna fitowa daga sansanin Wamakko a rarraba su makarantu da ofisoshi, yawancinsu ba su san ko ina kwana ba, kuma a matse suke su iya cefane ba a yi musu tsada ba. Yi musanya da ɗaya: ka ba shi Hausa rabin awa, ya ba ka Turanci rabin awa. Akwai kuma ɗaliban jami'a da na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke haya a unguwanni. Wata dabarar, saurari labaran duniya da Hausa da safe, sannan ka nemi labarin da Turanci. Da yake ka riga ka san abin da ya faru, kalmomin za su riƙa faɗa maka ma'anarsu da kansu.

Wannan Turancin zai isa in ci WAEC ko JAMB?

Ba zai isa ba. Zai sa ka daina tsoron harshen, amma jarrabawa rubutu ce. Neman gurbi a jami'a yana buƙatar kiredit a Turanci a WAEC ko NECO, kuma a JAMB darasin Turanci wajibi ne ga kowa, ko me zai karanta. A WAEC da NECO za a nemi ka karanta dogon nassi ka amsa tambayoyi, ka taƙaita shi, ka rubuta insha'i, ka kuma san sauyin aikatau irin "go, went, gone" da "write, wrote, written", waɗanda ba su bin ƙa'ida, sai hadda. Nemi tambayoyin shekarun baya ka zauna da su da agogo a gefe. Wasiƙa kuma tana da nata tsari da ake ba maki a kai: ta hukuma tana ɗauke da adireshi biyu da kan magana, wadda aka buɗe da "Dear Sir" ko "Dear Madam" ana rufe ta da "Yours faithfully", sannan sa hannu, sai cikakken suna a ƙasansa.